Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano: A Buɗe Mana Littafin Kuɗin Pillars

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
da 'yan Majalisar Dokokin Jiha,
da hukumar gudanarwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da jama'a suka ɗora muku.

Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a birnin nan, ina biyan haraji, kuma ina goyon bayan Kano Pillars. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka ba ni bakin magana. Albashin 'yan wasanmu, da man motar da ke kai su Aba ko Fatakwal, da kuɗin masauki, da tarar da ake cin kulob idan an yi rikici a fili, duk daga baitulmalin jiha suke fitowa. Ko kuɗin daga kason da Abuja ke turowa ne, ko daga abin da hukumar tara haraji ta jiha ta karɓa a hannun ma'aikaci da mai shago da ɗan adaidaita sahu, na jama'ar Kano ne. Saboda haka abin da nake nema ɗaya ne, sauran maganganun duk rassansa ne: a bayyana mana yadda kuɗin Pillars ke shiga da yadda suke fita, sannan a fara shirin ba magoya baya rabo na haƙiƙa a mallakar ƙungiyar.

Ba sai an tuna wa kowa girman wannan ƙungiya ba, amma yaran da suka taso yanzu suna bukatar ji. An kafa ta a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyin WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, a garin da Raccah Rovers ta riga ta kawo wa kofin lig tun 1978. Mun ci gasar ƙasa a 2008 ƙarƙashin Kadiri Ikhana, muka dawo muka ci sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 muka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka alhali ita ke riƙe da kofin: ɗaya da ɗaya a Kano, biyu da biyu a Alƙahira. Mun kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare mu. Daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta zo ta ci mu biyu da ɗaya, shekara 12 babu baƙon da ya yi nasara a gidanmu a wasan lig. Wanda ya shiga filin Sani Abacha a waɗancan shekaru ya san irin cikar da Ƙofar Mata ke yi tun kafin azahar.

Yau ina muke? Rabonmu da kofin lig tun 2014. Kofin ƙalubale na 2019 da muka ci a Kaduna, bayan doke Niger Tornadoes a bugun fenareti, ya share mana hawayen 2018, lokacin da muna gaba da ci uku da nema a Asaba Enugu Rangers ta farke duka ta kuma ɗauke kofin. Amma tun daga nan sai gangara. A 2022 muka faɗa rukunin 'yan dagaji, a 2023 muka dawo. A Afirka kuwa, tun bayan 2009 ba mu sake shiga zagayen rukuni ba. AC Léopards ta Kongo, AS Vita ta Kinshasa, Moghreb Tétouan ta Maroko, Asante Kotoko ta Ghana, kowacce ta sallame mu tun daga bakin ƙofa. Ƙungiyar da ta ci lig sau uku a jere amma ta kasa tsallake zagayen farko a nahiya, akwai abin da ya kamata ta tambayi kanta, kuma ba a yi tambayar ba a lokacin da ake kan ganiya.

A majalisun shayi da gidajen kallo kowa na da nasa bayanin. Wani ya ce alƙalan wasa ne ke zaluntarmu, wani ya ce koci ne bai iya canji ba, wani ya ce siyasa ce ta shiga kulob. Kowanne akwai ɗan gaskiya a ciki. Ni dai abin da na gani shi ne, babu mai iya yanke hukunci a kan ko ɗaya daga cikinsu, domin babu wanda ya ga lissafi. Nawa gwamnati ke bayarwa a shekara? Nawa ake samu a ƙofa a ranar wasa da Enyimba ko Rangers? Nawa aka sayar da ɗan wasa kaza, kuma a wane asusu kuɗin suka sauka? Nawa ake bin kulob bashi? Mai goyon baya da ya sayi tikiti ya zauna a rana awa uku ba shi da inda zai je ya karanta amsar waɗannan tambayoyi. Idan babu lissafi a fili, jita-jita ce ke cike gurbinsa, kuma jita-jita ba ta barin mai gaskiya ma. Shugabannin kulob da suka yi aiki tsakani da Allah su ne suka fi kowa cutuwa da wannan duhu, domin ba su da takardar da za su ɗaga su wanke kansu.

Bari in tsaya a kan cinikin 'yan wasa, domin a nan ne dukiyar take, kuma a nan take zurarewa.

Kano Pillars ta daɗe tana fito da 'yan wasan da duniya ta saya. Sani Kaita daga nan ya tafi Sparta Rotterdam ta Holan. Ahmed Musa a rigar Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya kafa tarihi a lig, daga nan ya wuce VVV Venlo, sai CSKA Moscow a 2012, sai Leicester City a 2016 a kan kuɗin da ya haura fam miliyan 16, sai Al Nassr ta Saudiyya. Shehu Abdullahi daga nan ya fita zuwa Kuwait, sannan Turai. Junior Lokosa ya ci ƙwallo 19 a 2018, ya zama gwarzon masu zura ƙwallo, Espérance ta Tunisiya ta ɗauke shi. Waɗannan sunaye ne da kowa ya sani. Akwai wasu da dama da suka fita shiru zuwa Sudan, Libya, Iraƙi da ƙananan gasannin Turai.

Dokar FIFA ta tanadi haƙƙi ga ƙungiyar da ta raini yaro. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya yi wa wasa tsakanin shekara 12 zuwa 23, gwargwadon zaman da ya yi a kowacce. Akwai kuma diyyar horarwa da ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru, ko ya sauya ƙungiya zuwa waje kafin ya wuce shekara 23. Tun ƙarshen 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin waɗannan kuɗi yana turawa kai tsaye. Sai dai sharaɗinsa shi ne sunan yaron ya kasance a rajistar kwamfuta, a ga shekarar da ya shigo da shekarar da ya fita. Ƙungiyar da ba ta adana takardu, ko take ɗaukar yara da baki ba tare da rubutu ba, ta yafe haƙƙinta tun kafin a fara rabo. Bayan wannan akwai sharaɗin da ƙungiyoyi masu wayo ke sakawa a yarjejeniyar sayarwa, cewa idan aka sake sayar da ɗan wasan gaba, kashi kaza na ribar nasu ne. Da wannan sharaɗi ƙananan makarantun ƙwallo a Senegal da Ghana da Kwaddibuwa suke gina filaye da ɗakunan kwana.

Ina so a gaya mana, Ranka ya daɗe, a cikin shekara goma da suka wuce 'yan wasa nawa Pillars ta sayar, nawa ta karɓa, a yarjejeniya nawa aka saka wancan sharaɗi, kuma sau nawa aka bi kuɗin raino aka karɓo. Ban zargi kowa da ci ba. Tambaya ce da mai dukiya ke da damar yi wa wanda ya ba ajiya.

Matsalar ta soma ne daga yadda ake ɗaukar 'yan wasa. A gasarmu ta Najeriya an saba da kwantiragin shekara ɗaya. Yaro ya yi fice, kaka ta ƙare, ya tafi kyauta, dillalinsa ya karɓi na aljihu, kulob ya tashi a tutar babu. Sai kuma a shiga kasuwa a kwaso mutum goma sha wani abu lokaci guda, a biya kuɗin sa hannu, rabinsu ba za su buga wasa biyar ba. Wannan kasuwanci ne da babu ɗan Kwari ko ɗan Singa da zai yi shi da jarinsa: ka sayi kaya da tsada, ranar da suka yi daraja ka bayar da su kyauta. Ana yin haka ne kawai saboda an san idan asusu ya bushe za a rubuta takarda zuwa gidan gwamnati. Duk yaron da bai kai shekara 23 ba kuma aka ga alamar haske a tare da shi, a ba shi kwantiragin shekara uku, a ƙara masa albashi, a rubuta farashin da za a sake shi. Shi ma ya samu kwanciyar hankali, kulob ma ya samu abin riƙewa.

Kuma ina yaran za su fito? Kano na da ƙananan hukumomi 44. Kowace yamma filayen makarantu daga Fagge zuwa Gwale, daga Wudil zuwa Bichi, cike suke da yara masu buga ƙwallo ba takalmin kirki. A garin nan ake yin gasar Ramat ta matasa. Duk da haka ƙungiyar jiha ba ta da makarantar raino da za a nuna a ce ga ɗakin karatu, ga ɗakin kwana, ga likita, ga masu horar da 'yan shekara 13 da 15 da 17. A dubi Ikenne a Jihar Ogun, ƙaramin gari da bai kama ƙafar Kano a yawan jama'a ba. A can ƙungiyar Remo Stars ta gina filinta, ta kafa makarantar Beyond Limits, tana sayar da yara Turai, kuma ta ci lig a kakar 2024 zuwa 2025. Na san mai ƙungiyar, Kunle Soname, da kamfanin caca ya yi arziki, kuma wannan hanya ce da addininmu da al'adarmu ba su yarda da ita ba, ba na kuma fatan ganin sunan kamfanin caca a ƙirjin rigar Pillars. Amma tsarin raino da adana takardu da haƙurin jiran yaro ya girma, ba ruwansu da caca. Ana iya koyonsu.

Maganar salon wasa ma a nan ta ɗaure. Mu magoya baya mun iya zagin koci, amma a lissafa waɗanda suka riƙe ƙungiyar: Kadiri Ikhana, Ivo Sajh, Salisu Yusuf, Ladan Bosso, Baba Ganaru, Okey Emordi, Ibrahim Musa, Lionel Soccoia, Abdu Maikaba, Usman Abdallah, Evans Ogenyi, wasu ma sun je sun dawo. Yawancinsu ƙwararru ne da suka ci kofuna a nan ko a wani wuri. Wane salo mutum zai dasa idan ya san wasa uku ba nasara ya ishe a ba shi wa'adi a rediyo? Dole ya koma ga abin da zai tsare masa aiki: a gida a danna gaba da ƙarfin tsiya da ihun 'yan kallo, a waje a tare baya a yi ta doka dogayen ƙwallaye ana addu'ar canjaras. Da haka ake tsira a lig ɗin da kusan kowa ke cin wasan gidansa. Amma ranar da aka haɗu da ƙungiyar Maroko ko Kongo, wadda ta saba riƙe ƙwallo a ƙasa, ta san yadda ake matsa wa abokin karawa tun daga gidansa, a ranar asiri ke tonuwa. Abin da ya same mu ke nan a Tétouan a 2015.

Dubi kuma yadda muka jingina da mutum ɗaya. Rabi'u Ali Pele ya yi wa wannan ƙungiya abin da ba za a iya biyansa ba. Da shi aka ci kofunan nan, shi da Shehu Abdullahi suna cikin tawagar Najeriya ta koci Stephen Keshi da ta zo ta uku a gasar 'yan wasan gida ta Afirka a 2014, kuma ya haura shekara 40 yana ci mana ƙwallo. Abin alfahari ne gare shi, Allah ya saka masa. Ga hukumar kulob kuwa abin tambaya ne: a duk tsawon shekarun nan wa aka raina ya gaje shi? Ɗan tsakiyar da zai tsaya a bayan 'yan gaba ya raba ƙwallo, ya buga bugun tazara, ya kwantar da wasa idan ya yi zafi, ba a sayo shi a kasuwa cikin mako guda. Shekaru ake yi ana gina shi a gefen wanda ya iya. Abin da ake bukata shi ne daraktan wasanni mai wa'adin shekara huɗu, wanda zai tsara salo ɗaya daga ƙananan yara har babbar ƙungiya, ya zaɓi kocin da ya dace da salon, kuma sauyin gwamnati ko na kwamishina bai taɓa kujerarsa ba.

A nan dole in juyo kanmu, mu 'yan kallo, domin ba zai yi kyau in nemi gaskiya daga gwamnati in ɓoye tamu ba. A 2019 a filin Agege na Legas an shiga fili bayan wasa da Rangers, aka ci kulob tara. A watan Afrilun 2022 aka tashi wasanmu da Katsina United ba a gama ba, aka farfasa motar baƙi, aka ci mu tarar naira miliyan 9, aka zaftare mana maki, aka kai wasannin gidanmu Abuja. A ƙarshen kakar muka faɗi. A watan Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa, aka sake afka wa alƙalai da baƙi, aka ci tarar naira miliyan 9 da rabi, aka cire maki 3, aka rufe filin aka tura mu Katsina. Duk wanda ya ɗaga hannu ya doki alƙalin wasa ko ya jefi motar baƙo, ya cuci ƙungiyar fiye da duk wani alƙalin da yake zargi. Ya kuma zubar da mutuncin garin da aka sani da karɓar baƙi. Mu da 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasanmu wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja a watan Maris na 2015, suka raunata mutum biyar har da Gambo Muhammad, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin abin da ɗan wasa ke ji idan aka far wa motarsa a garin da ba nasa ba.

Amma a lura da wanda ke biyan tarar. Wanda ya yi jifan ya koma gida ya kwanta, baitulmali ya biya. Malamar makaranta a Rano da ba ta taɓa shiga filin wasa ba, an cire haraji daga albashinta, wani ɓangare ya tafi biyan ɓarnar da wani ya yi a Ƙofar Mata. Jihar da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, wadda asibitocinta da famfunanta ke jiran kuɗi, ba ta da rarar da za ta riƙa zubarwa haka. Kuma muddin shiga fili ya dogara da cunkoso a ƙofa da sanin mai gadi, ba za a taɓa gane mai laifi ba. Tikiti mai lamba da aka saya ta waya, kujera mai lamba, kyamarori, da katin zama mamba da za a iya ƙwacewa, su ne maganin. Mutum yana kiyaye abin da ya sa kuɗinsa da sunansa a ciki.

Wannan ya kawo ni ga batun mallaka. Real Madrid da Barcelona na mambobinsu ne, su ke zaɓen shugaba. A Jamus doka ta ce mambobi ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a a yawancin ƙungiyoyi. Idan an ce Turai ta yi nisa, Al Ahly da muka taɓa fitarwa ƙungiyar mambobi ce, kuma ta ci kofin zakarun Afirka sau 12. A Tanzaniya, Simba ta buɗe ƙofa ga mai zuba jari ya riƙe kashi 49 mambobi suka riƙe sauran, Yanga ma ta bi irin wannan hanya. Yanga ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubalen Afirka a 2023, Simba ta kai a 2025. Darussalam, garin Simba da Yanga, ba ta fi Kano son ƙwallo ba, ba ta kuma fi ta 'yan kasuwa ba.

A yi lissafi mai sauƙi. A ce mutum dubu 100 ne kacal suka yi rajista, kowa ya biya naira dubu 5 a shekara. Naira miliyan 500 ke nan, alhali kyautar da aka ba zakaran lig a kakar 2024 zuwa 2025 naira miliyan 200 ce. Ba a sa kuɗin riga ba, ba a sa talla ba, ba a sa Kanawan da ke zaune a Legas da Abuja da Saudiyya ba, balle masoya Pillars na Jigawa da Damagaram da Maraɗi. Amma babu wanda zai ba da sisinsa ga asusun da bai san mai sa hannu a kansa ba. Shi ya sa buɗe littafi ya zama matakin farko, kafin a buga kati ko ɗaya.

Ban ce gwamnati ta janye hannunta gobe da safe ba. Yin haka kashe ƙungiyar ne, kuma mun ga ƙungiyoyin da suka mutu da masu su suka gaji. A mayar da Pillars kamfani mai rajista, gwamnati ta riƙe kasonta da filin wasa, a ware kaso ga mambobi, a ware kaso ga masu zuba jari. A sa wa'adin shekara biyar, kowace shekara tallafin albashi na raguwa, abin da aka rage ana karkatar da shi ga makarantar raino da gyaran filayen unguwanni, inda ɗan kowa zai amfana ko yana son Pillars ko ba ya so.

Sai batun haraji kansa, wanda matasa ke yawan jayayya a kai a gidajen kallo. Wasu na cewa a yafe wa 'yan ƙwallo haraji don taurari su dawo gida, suna kafa hujja da Sifaniya, wadda a 2005 ta yi dokar da ta sauƙaƙa wa baƙin ma'aikata haraji zuwa kashi 24, har aka riƙa kiranta da sunan ɗan wasa David Beckham, ko Italiya da ta yi irin wannan rangwame a 2019. Ni ban goyi bayan haka ba. Sifaniya ta cire 'yan wasa daga dokar daga baya, Italiya ma ta rufe ƙofar a ƙarshen 2023, kuma cikin ƙorafin da aka yi akwai cewa rangwamen ya sa ƙungiyoyi fifita baƙo a kan yaron gida. A ƙasar da sabuwar dokar haraji ta 2025 ta yafe wa mai samun naira dubu 800 zuwa ƙasa a shekara, wanda ke karɓar miliyoyi ya biya nasa kamar kowa. Abin da ɗan wasa ke bukata shi ne albashi a kan lokaci ta banki, da takardar shaidar abin da aka cire masa, da fansho, da inshorar rauni, don kada wanda ya karye a fili ya koma yawon neman taimako.

Inda rangwame ke da amfani shi ne wajen jawo kamfanoni. Harajin ribar kamfani na tarayya ne, jiha ba ta da ikon yafe shi. Amma jiha na da nata: kuɗin allunan talla, kuɗin ƙasa, kuɗin rajistar wurin kasuwanci. Majalisa na iya yin doka cewa masana'antar Bompai ko Sharaɗa ko Chalawa da ta ɗauki nauyin ƙungiyar matasa, ko ta gyara filin unguwa, za a sauƙaƙa mata wani kaso na waɗannan kuɗi, bisa rasit da shaidar aikin da ido zai gani. A matakin tarayya kuma akwai abin koyi. A 2019 gwamnatin tarayya ta ba kamfanoni damar gina tituna a cire kuɗin daga harajinsu, da haka Dangote ya yi hanyar Obajana zuwa Kabba. Brazil tun 2006 take da dokar da ta ba kamfani damar karkatar da ɗan ƙaramin kaso na harajinsa zuwa ayyukan wasanni da gwamnati ta tantance. Gwamnan Kano da 'yan majalisar tarayya na jihar, waɗanda suka fi na kowace jiha yawa a majalisar wakilai tare da Legas, suna da nauyin da za su kai irin wannan ƙudiri. Garin da ya haifi Aliko Dangote da Abdussamad Rabi'u bai kamata ƙungiyarsa ta rasa mai talla a riga ba. Sai dai babban kamfani ba ya sa sunansa a inda babu rahoton mai binciken kuɗi, ko inda ake iya rufe fili saboda jifa.

Naɗa Ahmed Musa babban manaja a 2025 ya faranta wa da yawa daga cikinmu rai. Ya ga yadda ake gudanar da ƙungiya a Holan da Rasha da Ingila da Turkiyya, ya dawo gida ya saka rigar nan a 2021 da 2024 lokacin da ba ya bukatar kuɗinmu. Amma suna kaɗai ba ya gyara tsari. Idan ba a ba shi kasafi sananne ba, da ikon ɗauka da sallama ba tare da waya daga sama ba, da akanta da lauya masu sanin dokokin FIFA, to an ɗora masa kaya ne an ɗaure masa hannu, kuma gobe shi za a zaga. Ga kuma Barau FC ta hau babban rukuni a 2025, Kano ta samu ƙungiya ta biyu. Yaro mai hazaƙa da mai talla da ɗan kallo duk sun samu zaɓi, Pillars ba za ta ci gaba da dogaro da tarihi kaɗai ba.

Don haka, Ranka ya daɗe, ga roƙona a taƙaice. A umarci Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ya duba asusun Kano Pillars na aƙalla shekara biyar da suka wuce, a wallafa rahoton inda kowa zai karanta, da Hausa da Turanci. Kwamitin wasanni na majalisa ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, a gayyaci ƙungiyar magoya baya, da tsofaffin 'yan wasa, da masu horar da yara a unguwanni, da 'yan kasuwa. Daga wannan kaka, duk ɗan wasan da aka saya ko aka sayar a sanar da kuɗinsa da tsawon kwantiraginsa, a kuma riƙa faɗin abin da aka samu a ƙofa bayan kowane wasan gida. Idan an yi waɗannan, a buɗe rajistar mambobi. Ni da abokan zamana a kasuwa muna cikin waɗanda za su fara yankar kati.

Allah ya taimaki Gwamna, ya ba Kano lafiya da zaman lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwa mai goyon bayan Sai Masu Gida, daga birnin Kano.